Zuciya Da Hular Ƙoda: Abin Da Ya Kamata Iyaye A Bakin Tafkin Kainji Su Sani

A ƙauyukan da ke bakin Tafkin Kainji, tun daga Yelwa har Wara, da gungayen da ke tsakiyar ruwa, da tungayen ƙasar Shanga a gaɓar Kogin Kwara, yaro mai kumburarren ciki ba baƙon gani ba ne. In ka tambayi uwa abin da ke damun ɗanta, amsar ba ta wuce huɗu: ko saifa, ko tsutsa, ko tsargiya, ko kuwa tamowa. Sau da yawa kuwa gaskiyarta ce, domin zazzaɓin cizon sauro na kumbura saifa, tsargiya kuma ta daɗe da zama a wannan yanki inda yara ke wuni cikin ruwa. Haka nan jaririn da ke haki in yana shan nono, akan ce sanyi ne ya shige shi, a nemo man zafi a shafa masa a ƙirji.

Amma fa ba kowane kumburin ciki ne saifa ba, ba kuma kowane haki ne sanyi ba. Akwai yaran da ake haifa da nakasa a zuciya, akwai kuma waɗanda ciwon daji ke tsiro musu a wata 'yar ƙaramar halitta da ke bisa ƙoda. Shekaru da dama ke nan likitoci suna lura da cewa wani lokaci cututtukan nan biyu sukan haɗu a jikin mutum guda, suna kuma binciken dalili. A filinmu na wannan mako za mu duba abin da aka gano, da iyakar inda sanin ya tsaya, da kuma abin da ya rataya a wuyan iyaye da ikkilisiya.

Mece Ce Hular Ƙoda?

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, kowace ƙoda kuma tana ɗauke da wata 'yar tsoka a kanta kamar yadda hula ke zama a kan mutum. Likitoci suna kiranta adirinal, mu kuwa a nan za mu kira ta hular ƙoda. Nauyinta a jikin babban mutum bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, amma aikinta ya fi girmanta nesa ba kusa ba. Kashi biyu gare ta, wato ɓawo da ƙwaya. Ɓawon yana fitar da sinadaran da ke daidaita gishiri da ruwa da sukari a jiki. Ƙwayar da ke tsakiya kuwa ita ke fitar da adirinalin, sinadarin da ke sa gaban mutum ya faɗi, zuciyarsa ta yi ta dukan tara-tara, ƙarfi ya zo masa nan take in ya yi arba da dorina a bakin ruwa.

Ƙari iri uku ne aka fi sani a wannan wuri. Na farko shi ne niyurobilastoma, ciwon dajin ƙananan yara, wanda kimanin 9 cikin 10 na masu kamuwa da shi ba su kai shekara 5 ba. Yana iya fara tsiro a ƙirji ko a wuya ko a gefen ƙashin baya, amma hular ƙoda ce wurin da ya fi farawa. Na biyu shi ne fiyokuromosaitoma, wanda ya fi kama manya, yana kwarara adirinalin cikin jini har ya jawo hawan jini mai tsanani, ko da yake mafi yawansa ba ya bazuwa a jiki. Na uku shi ne dajin ɓawon hular, wanda ba a cika ganinsa ba, mutum 1 ko 2 cikin miliyan guda a shekara. Biyun farko su ne suka shafi zancenmu, domin tushensu ɗaya da wani sashe na zuciya.

Matafiya Daga Gari Guda

Dattawan ƙasar Yauri ba su manta da shekarun da aka gina madatsar Kainji ba, daga 1964 zuwa 1968, sa'ad da aka tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu aka sake musu matsuguni. 'Yan gari ɗaya suka rarrabu, wasu nan wasu can, amma duk inda suka sauka jininsu ɗaya ne. Wani abu mai kama da wannan yana faruwa a cikin mahaifa, tun kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu.

A mako na 3 zuwa na 4 bayan shigar ciki, lokacin da tayi bai kai girman ƙwayar shinkafa ba, ana naɗe wani bututu a bayansa wanda zai zama ƙwaƙwalwa da laka. A gefen wannan bututu sai wasu ƙwayoyin halitta su ɓalle, su kama hanya su bazu cikin jiki. Wani masani mai suna Wilhelm His ne ya fara bayyana su a shekara ta 1868, cikin ƙwan kaza. Waɗannan ƙwayoyi matafiya su ne ke zama ƙasusuwan fuska, da ƙwayoyin da ke ba fata launi, da jijiyoyin da ke motsa hanji. Wani ayari daga cikinsu yakan gangara ya shiga tsakiyar hular ƙoda ya zama ƙwayarta. Wani ayarin kuma yakan nufi zuciya.

Zuciyar tayi tana fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, kuma a farko mafita ɗaya ce gare ta. Dole wannan mafita ta rabu biyu, kamar yadda gungu ke raba ruwan Kwara, hanya ɗaya ta kai jini huhu ya ɗauko iska, ɗaya kuma ta kai jinin da ya sha iska ga sauran jiki. Ƙwayoyi matafiya ne ke gina bangon da ke raba su. A shekara ta 1983 wata masaniya a Jihar Jojiya ta Amurka, Dokta Margaret Kirby, ta nuna haka a fili. Ta cire waɗannan ƙwayoyi daga tayin kaza, sai zuciyar ta tashi da mafita ɗaya tal, ba bango a tsakani, irin nakasar da ake gani a jikin wasu jarirai. Kafin ciki ya cika wata 2 an gama wannan gini, ko daidai ko da kuskure.

To, ga inda zaren ya haɗu. In ayarin da ya nufi zuciya ya yi ƙaranci ko ya ɓace hanya, sai a haifi yaro da nakasa a manyan hanyoyin jini. In kuwa ayarin da ya sauka a hular ƙoda ya ƙi nuna, ya ci gaba da hayayyafa kamar yana nan cikin mahaifa, sai ya zama niyurobilastoma. Tun a 1974 wani likita mai suna Robert Bolande ya ba da shawarar a tara dukan cututtukan da suka fito daga waɗannan ƙwayoyi a ƙarƙashin inuwa guda, domin ya ga sukan zo bibbiyu. An kuma sami shaida a ƙwayoyin gado. Akwai wata ƙwayar gado da ake kira PHOX2B, wadda in ta sami matsala yaro na iya zuwa da toshewar hanji, da ɗaukewar numfashi cikin barci, da kuma niyurobilastoma. Haka nan yaran da ke da larurar Noonan, waɗanda yawancinsu ke da nakasar zuciya, sun fi sauran yara fuskantar wasu nau'o'in daji, har da wannan.

Wani abin mamaki kuma, akwai maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi da ake kira aisotiretinoyin. In mace mai ciki ta sha shi, yakan lalata tafiyar waɗannan ƙwayoyi har a haifi yaro da nakasa a zuciya da fuska. Amma wannan magani ɗin shi ne likitoci ke bai wa yaran da suka gama jinyar niyurobilastoma mai tsanani, don ya tilasta wa ragowar ƙwayoyin dajin su nuna su daina hayayyafa. Magani ɗaya yana taɓa wurare biyu, domin asalinsu ɗaya.

Abin Da Ƙidaya Ta Nuna

Sanin cewa abu na iya faruwa daban, sanin yawan faruwarsa kuma daban. A shekara ta 2004 likitoci a birnin Bostan na Amurka suka duba hotunan zuciyar yara 70 masu niyurobilastoma, suka tarar 14 daga cikinsu, wato kashi 20 cikin 100, suna da wata nakasa a zuciya. Da suka duba yara 192 masu dajin jini don kwatanci, 7 kawai suka samu. Wannan sakamako ya ja hankalin likitoci ƙwarai. Amma a 2009 sai wasu likitoci a Amstadam ta ƙasar Holan suka yi irin wannan bincike a kan yara fiye da 100, suka sami 2 kacal, adadin da bai yi nisa da na sauran jama'a ba.

Me ya kawo wannan saɓani? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, yaron da ke da ciwon zuciya ya fi kowa shan hoto da gwaje-gwaje, wanda ake yawan dubawa kuwa shi ake yawan samun abu a jikinsa. Tun a 1963 likitoci biyu, Beckwith da Perrin, suka ba da rahoton cewa ana samun 'yan ƙananan tsirrai masu kama da niyurobilastoma a hular ƙodar jariran da suka mutu da wasu cututtuka dabam, kuma yawansu ya ninka na yaran da ciwon ke bayyana a jikinsu sau da yawa. Ma'ana, akasarin irin waɗannan tsirrai suna narkewa da kansu ba tare da kowa ya sani ba. Wani dalilin kuma shi ne, ba kowace nakasar zuciya ce ta fito daga ƙwayoyi matafiya ba, kuma masu bincike sun sha bamban a kan wadda za su ƙidaya.

A 2019 masana a birnin Nafuli na Italiya suka kwatanta ƙwayoyin gadon dubban masu cututtukan biyu, suka sami wasu wurare da alamun haɗari suka yi tarayya. A wannan shekara kuma aka wallafa wani babban bincike daga ƙasar Suwidin, inda aka bi sawun mutane kimanin 22,000 da aka haifa da nakasar zuciya. An tarar 2 cikin 100 sun kamu da wani nau'in daji suna yara ko samari, alhali a cikin sauran jama'a ba su kai 1 cikin 100 ba. Haɗarin ya ninka, gaskiya ne, amma mu lura da ɗaya gefen lissafin: 98 cikin 100 ba su kamu ba.

Saboda haka, ya ku iyaye, kada wannan bayani ya ɗaga muku hankali. Cikin kowace haihuwa 1,000 ana samun jarirai 8 zuwa 9 masu nakasar zuciya, niyurobilastoma kuwa yaro 1 ne cikin dubbai. Mafi yawan yaran da ke da huji a zuciya ba za su taɓa yin dajin hular ƙoda ba. Ƙasar Japan ta yi shekara kusan 20 tana gwada fitsarin jarirai 'yan wata 6 don neman wannan ciwo, ta daina a 2004 domin an ga ana yi wa yara tiyata a kan ƙarin da zai narke da kansa, mace-mace kuwa ba su ragu yadda aka zata ba. Darasin shi ne, ba neman ciwo a jikin lafiyayyen yaro ake bukata ba. Abin da ake bukata shi ne a gane alama in ta bayyana, a kuma yi hanzari.

Hanya Ta Biyu: Ƙarancin Iska A Jini

Akwai wata alaƙa ta dabam da ke bayyana bayan shekaru. Wasu nau'o'in nakasar zuciya suna sa jinin da bai sha iska ba ya gauraye da wanda ya sha, sai harshe da leɓe da farce su koma shuɗi-shuɗi. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne wanda wani likitan Faransa, Fallot, ya bayyana a 1888. Da can irin waɗannan yara ba sa daɗewa, har sai 1944 da aka yi tiyata ta farko don taimakonsu a birnin Baltimo na Amurka. Yau da yawansu suna girma, su yi aure, su haihu.

Sai dai ƙwayar hular ƙoda, da wasu 'yan'uwanta da ke wuya da gefen babbar jijiyar jini, suna cikin masu gadin da ke auna iskar oksijin a jiki. In suka shekara goma ko ashirin suna jin ƙarancin iska, sukan yi ta hayayyafa, wani lokaci har su zama ƙari. An daɗe da ganin haka a tsaunukan ƙasar Peru, inda iska ke da ƙaranci, kuma irin wannan ƙari na wuya ya fi yawa a can fiye da na mazauna bakin teku. A 2015 likitoci a Amurka suka nuna cewa masu nakasar zuciya mai sa shuɗi sun fi sauran mutane samun fiyokuromosaitoma. A 2018 kuma aka duba ƙarin da aka cire daga jikin irin waɗannan majinyata 5, aka tarar 4 suna da canji a ƙwayar gado guda, EPAS1, wadda aikinta shi ne amsa kiran ƙarancin iska. Masana ukun da suka gano yadda jiki ke auna oksijin, wato Kaelin da Ratcliffe da Semenza, su suka karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2019.

Amfanin wannan a gare mu a fili yake. Saurayi ko budurwa da aka san yana da ciwon zuciya tun haihuwa, in ya fara samun ciwon kai mai tsanani da ke zuwa yana tafiya, tare da zufa sharkaf, da bugun zuciya, da hawan jini, kada a ce ai tsohon ciwonsa ne ya motsa, kada kuma a ce iskoki ne. A gaya wa likita dukan alamun, domin akwai gwajin jini da na fitsari da ke gano wannan ƙari, kuma in an cire shi mutum na iya warkewa sarai.

Alamomin Da Za A Lura Da Su

Game da zuciya, uwa ce likita ta farko. Jaririn da ba ya iya shan nono na ɗan lokaci sai ya saki ya huta, yana zufa a goshi, yana numfashi da sauri ko da ba zazzaɓi, ba ya ƙiba duk da ana ba shi, yana kuma yawan kamuwa da ciwon haƙarƙari, wannan a kai shi a saurari ƙirjinsa. Da yake fatarmu baƙa ce, ba a fata ake neman shuɗi ba, a harshe da dasashi da cikin leɓe ake dubawa. Yaron da ya fara tafiya, in yana wasa sai ya tsuguna ya huta kafin ya tashi, ko kuma kan yatsunsa ya yi kumburi kamar kan tabarya, shi ma alama ce babba. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan iskar da ke jini, wadda mutane da yawa suka sani a lokacin annobar korona ta 2020. Ba ta da tsada, kuma ya kamata kowane ɗakin haihuwa ya mallake ta.

Game da ciki kuwa, lokacin wanka ne ya fi dacewa uwa ta shafa cikin ɗanta a hankali. Saifa tana gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, kuma takan ragu in an magance zazzaɓi. Amma ƙullutu mai tauri kamar dutse, marar santsi, wanda ke girma mako bayan mako, ko ya ƙetara cibiya zuwa ɗaya gefen, wannan ba saifa ba ce. In ya haɗu da rama, da ɗashewar jini, da ciwon ƙashi har yaro ya ƙi tafiya, ko idanu su firfito da baƙin zobe kewaye da su kamar an naushe shi, ko idanun su riƙa rawa, to kada a kwana biyu ana shawara. Ba niyurobilastoma kaɗai ke kawo irin wannan ƙullutu ba. A asibitocin arewa an fi ganin dajin ƙoda na yara da kuma dajin Burkitt, dukansu kuwa ana warkar da su in an zo da wuri.

Abin da ba za a yi ba shi ne sakiya, ko tsaga, ko ƙaho a kan ƙullutun, ko matsa shi da ƙarfi. Waɗannan ba sa taɓa tushen ciwon, sai dai su ƙara wa yaro zubar jini da ƙwayoyin cuta, su kuma cinye makonnin da ya kamata a ce yana gadon asibiti. A wannan ciwo shekaru da lokaci suna da nauyi ƙwarai, domin yaran da aka gano nasu kafin su kai wata 18 sun fi saurin warkewa, wanda ya riga ya bazu cikin ƙashi kuwa jinyarsa tana da wuya ko a ƙasashen da suka ci gaba.

In likita ya ce yaro yana da nakasar zuciya, ba laifi ba ne uwa ko uba su roƙe shi ya taɓa cikin yaron ma. In kuma daji aka gano, a tambaya ko an ɗauki hoton zuciya kafin a fara magani, domin wasu daga cikin magungunan daji suna raunana zuciya. Jikin yaro ɗaya ne, bai kamata a duba ƙirji a manta da ciki ba.

Ina Za A Dosa?

Mataki na farko shi ne asibitin da ya fi kusa, kamar babban asibitin Yelwa ko na Wara, inda za a iya sauraron ƙirji a kuma nemi hoton ciki. Daga nan akan tura majinyaci gaba, ta hanyar Koko da Jega, zuwa Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, inda akwai likitocin yara da sassan kula da masu daji. Takardar da likitan farko ya rubuta a riƙe ta da kyau, a naɗe ta a leda in za a shiga jirgin ruwa, tare da katin awo da na rigakafi da duk wani hoto da aka ɗauka.

Tiyatar zuciya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. An yi ta farko a Inugu a watan Fabrairu na 1974, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub. Ɗan wasan ƙwallonmu Nwankwo Kanu, wanda aka gano matsala a zuciyarsa a 1996 aka yi masa aiki a Amurka, ya koma fili ya ci gaba da wasa, ya kuma kafa gidauniya a shekara ta 2000 don taimakon yara masu ciwon zuciya. A nan Kebbi kuma, Dokta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara, ta yi shekaru tana wayar da kan jama'a a kan ciwon daji ta gidauniyarta ta Medicaid.

Duk da haka tazarar tana da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu daji suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. A 2018 ta ƙaddamar da shiri na kai adadin zuwa 60 cikin 100 a duniya duka kafin 2030. Manyan dalilan wannan tazara su ne zuwa a makare, da rashin gane ciwon, da barin magani a tsakiya saboda kuɗi sun ƙare. Masunci ko manomin albasa da zai bar komarsa ko lambunsa ya yi wata uku a Sakkwato yana jinyar ɗa, ya san ma'anar wannan fiye da kowa.

Ta fuskar rigakafi, ba a iya hana kowace nakasa ba, amma akwai abin da ke hannunmu. Tunda ginin zuciya yana ƙarewa cikin wata 2 na farko, macen da ke sa ran ciki ta guji shan magani barkatai daga hannun masu talla a kasuwa, ta guji burkutu da sauran barasa, ta sha ƙwayar folik asid, in tana da ciwon sukari a daidaita shi tun kafin ciki ya shiga, ta kuma fara zuwa awo da wuri. Cutar rubela, mai kama da ƙyanda marar ƙarfi, in ta kama mai sabon ciki takan lalata zuciya da ido da kunnen jariri, shi ya sa allurar rigakafinta ke da muhimmanci ga yara mata da maza baki ɗaya.

Nawayar Ikkilisiya

Abu na farko da ikkilisiya za ta yi shi ne ta sauke wa iyaye nauyin zargi. A garuruwanmu in an haifi yaro marar lafiya, nan da nan a fara nuna yatsa: uwa ta yi wanka a rafi da dare, kishiya ta yi sammu, kaka mayya ce, yaron ɗan wabi ne. Mun ga yadda abin yake, ƙwayoyi ne da ido ba ya gani suka kauce hanya a lokacin da uwar ba ta ma san tana da ciki ba. A cikin Bisharar Yohanna sura 9, almajirai sun tambayi Ubangijinmu Yesu ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, ya kuwa amsa musu cewa ba na ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Fasto ko katikis da ya koyar da wannan a fili ya ceci aure, ya kuma ceci yaro, domin uwar da ba ta jin kunya ita ce ke fito da ɗanta a duba shi.

Abu na biyu shi ne addu'a da asibiti su tafi tare. Bisharar da ta zo wannan yanki ta zo ne da magani a hannu, kamar yadda asibitin mishan na Tungan Magajiya ya shaida shekaru masu yawa, inda Kirista da Musulmi da masu bin al'adar gargajiya suka sha magani a layi ɗaya. Ba bangaskiya ba ce a ajiye yaro mai ƙullutu a ciki a ɗakin addu'a har mako shida. A ɗora masa hannu a yi addu'a da safe, a sa shi a mota kafin azahar.

Abu na uku shi ne taimako na zahiri. Zumuntar mata a kowace majami'a, ta U.M.C.A. ce ko ta E.C.W.A. ko Baptis ko Katolika, tana iya gayyatar nas ko ungozoma ta koya wa mata yadda ake duba harshen jariri da yadda ake shafa ciki. Dattawa suna iya ware baiko na musamman don kuɗin mota da na abincin masu jinya, matasa kuma su yi gayya a gonar wanda ke asibiti, su kuma ba da jini in an nema. 'Yan'uwa da ke zaune a Birnin Kebbi da Sakkwato da Zariya su buɗe ƙofofinsu ga baƙon da ya zo jinya. Kuma kada wannan alheri ya tsaya a ƙofar majami'a, gama maƙwabcinmu Musulmi da ɗansa ke haki maƙwabcinmu ne.

Ubangiji ya ba likitocinmu basira, ya ba iyaye ido mai lura da ƙafa mai sauri, ya kuma taɓa yaranmu marasa lafiya a gungaye da tungaye da birane. Amin.